Amsoshin tambayoyinku: dish, risiba da iskar farkon damina

Wani magidanci daga wani ƙauye a ƙasar Babura ya aiko da wannan: "Na sayar da riɗina, ina so in haɗa wa iyali kallo. A Kano wani mai shago ya ce in sayi mai eriya, wani ya ce dish. Tsohuwarmu tashar Makka take so, maiɗakina Arewa24, yara kuma ƙwallo. Babu wutar NEPA a garinmu, sola muke da ita. Wanne zan saya?"

Malam, Allah ya sa wa cinikin albarka. Batun eriya ka ajiye shi tukuna. Dikodar GOtv da ƙaramar StarTimes mai eriya daga doguwar hasumiya ta nan ƙasa suke ɗaukar siginal, kuma da zarar ka yi nisa da babban gari sai ka ga mutum ya haɗa gora biyu yana ɗaga eriya sama, hoto kuma yana yayyankewa. Shi dish ba ruwansa da nisanka da birni. Tauraron ɗan'adam da yake kallo yana can sama kimanin kilomita 36,000, yana zagayawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa a wurinmu yake kamar a tsaye. Abin da na cikin Fagge ya samu, shi na Babura zai samu.

Sai dai dish ba koma ba ne da zai kwaso duk kifin da ke rafi. Tauraro ɗaya yake fuskanta, kuma abin da ke kan wannan tauraron kawai zai kawo maka. Tashoshin Harami na Makka da Madina kyauta ne a kan taurarin Larabawa, Nilesat da ke digiri 7 yamma da Arabsat da ke 26 gabas (digirin nan shi ne adireshin kowane tauraro a sama). Ƙwallon Ingila da yara ke so tana DStv, a 36 gabas, kuma biya ake yi duk wata. Dish ɗin StarTimes kuwa 5 gabas yake kallo, kuma Arewa24 tana cikin StarTimes da DStv duka. Ka ga buƙatun gidanka uku ba lallai su haɗu a faifai ɗaya ba. Kafin ka ba mai shago ko sisi, ka shiga gida biyu ko uku a garinku ka karɓi rimot ka duba da idonka abin da suke kamawa, da girman dish ɗinsu. Tashoshin kyauta suna yawan canza wuri, saboda haka abin da maƙwabcinka ke gani yau ya fi maganar mai shago.

Da ni ne, zan fara da risibar tashoshin kyauta, wato akwatin da ke karɓar siginal daga dish ya kai wa talabijin, da dish mai santimita 90 ko sama da haka, domin Nilesat don ƙasashen Larabawa aka yi shi, mu a gefe muke tsinta, ƙaramin faifai mai 60 wahala zai ba ka. Tsohuwa ta samu Harami ba tare da ana zuwa maka da maganar kuɗin wata ba. Yara su ci gaba da zuwa gidan kallo ranar Asabar. Ka tabbata risibar mai HD ce, kuma mai aiki da bolt 12, don ka jona ta kai tsaye da batirin sola ba sai ta bi ta inbata ba. Idan wani ya nuna maka akwatin da ya ce yana buɗe tashoshin kuɗi kyauta, ka yi masa godiya ka wuce. Sata ce, yawanci sai da data take aiki, kuma ranar da aka toshe ta ba ka da wanda za ka kama.

Tambaya ta biyu daga yankin Ringim take: "Duk damina sai kallonmu ya ɗauke. Sau uku ina kiran mai gyara daga gari, kowane zuwa da kuɗin mashin da na aiki. Yanzu ya ce risibar ce ta tsufa, in sayi sabuwa."

Ɗan'uwa, kada ka saya tukuna. Idan hadari ya haɗu, ruwa ya sauko, hoto ya daskare, sannan da an ɗauke ruwan ya dawo da kansa, wannan ba lalacewa ba ce. Irin siginal ɗin da ƙananan dish ke amfani da shi ruwan sama mai ƙarfi yana cinye shi a hanya, ko a gidan gwamna haka ne. Amma idan gari ya waye, sama ta washe, akwati yana nan yana cewa babu siginal, to wani abu ya motsa ko ya jiƙe. Kuma sau da yawa ba a ɗaki matsalar take ba, a waje take.

Je ka kama ƙarfen da dish ke kai ka girgiza. In ya motsa a hannunka, ka gama gano ciwon. Abin da na fi gani a ƙauyukanmu shi ne a buga ƙusoshi a katangar ƙasa, ko a ɗaure ƙafar dish a jikin azara ko a saman rufin kwano. Katangar ƙasa tana shan ruwa ta saki ƙusa. Kwano kuwa rawa yake yi a iska. Guguwar nan ta farkon damina da ke yaye rufin mutane ba za ta bar faifai mai faɗin tire a inda ta same shi ba, alhali kaucewar da ba ta kai faɗin yatsa biyu ba ta isa ta ɓatar da tauraron. Mutane suna ɗaukan cewa sai an ɗora shi sama yake kamawa da kyau. Abin da ke nesa da kilomita 36,000, tsayin soronka me zai ƙara masa? A nan ƙasarmu taurarin nan suna sama sosai, kusan bisa kai, don haka tsakar gida ma ta isa muddin babu reshe ko bango a gabansa.

Nemi fayif mai kauri, mai walda ya yi masa 'yan ƙafafu a gindi don kada ya juya, a haƙa rami kamar kamu uku, a zuba siminti da tsakuwa. Kafin simintin ya kama, a rataya igiya mai dutse a gefensa a tabbata ya miƙe sak ta kowane ɓangare. A bar shi kwana biyu ko uku ya bushe kafin a ɗora komai. Wannan rabin buhun simintin ya fi maka sabuwar risiba.

A gidanmu na gado mun taɓa shan irin wannan. Hoto lafiya lau, amma duk ranar wanki sai ya ɗauke, da yamma ya dawo. Har an fara zargin risiba. Ashe igiyar shanya aka ɗaura a jikin ƙarfen, nauyin jiƙaƙƙun zannuwa ke ja da shi, in sun bushe ya koma. Wani gidan kuma akuya ake ɗaurewa a wurin. Duba kuma darbejiyar da ke kusa: wadda ba ta kai komai ba lokacin da aka kafa dish shekara uku da suka wuce, yanzu ta yi rassa.

In ƙarfe na nan daram, sai waya. Kashe risibar tukuna, domin tana tura wuta bolt 13 ko 18 ta cikin wayar zuwa LNB, wato ɗan kan nan da ke gaban faifai. Kwance mahaɗin wayar da LNB. In ka ga tsatsa ko kore-kore, ruwa ya shiga. A yanke wajen, a sa sabon kai, a naɗe da salatif. Idan murfin robar LNB ya tsattsage saboda rana, a canza shi, ba shi da tsada. Wayar kuma a bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga ɗaki, don ruwa ya ɗiga a waje. Kuma in ana tsawa, a zare ta daga risiba.

Wani matashi daga wajen Ɗambatta ya tambaya ko zai iya saita dish ɗinsa da kansa.

Za ka iya, in kana da haƙuri. Fito da talabijin waje inda za ka riƙa ganinta. A shafin saiti akwai layi biyu, na ƙarfi da na inganci. Na ƙarfi yana iya cika ko da katanga dish ke kallo, shaida ce kawai cewa LNB na samun wuta. Na inganci shi ne abin nema. Daga Kano da Jigawa, Nilesat yana kudu maso yamma, na StarTimes kusan kudu sak, na DStv gabas ne da ɗan karkata kudu, dama da alƙibla. Kwaikwayi ɗagawar na maƙwabci, sannan ka riƙa juyawa kaɗan-kaɗan kamar mai zare ƙaya, kana tsayawa daƙiƙa biyu ko uku, domin risiba ba ta nunawa nan take. Yawancin masu cewa ya ƙi kamawa sun wuce ta kan tauraron ne da sauri. Da layin ya tashi, gyara sama da ƙasa, sannan ka murza LNB a cikin zobensa. Wannan murzawar ake mantawa, kuma a wurinmu ba ƙarama ba ce: a Nilesat da DStv za ka ga wayar ta koma gefe sosai maimakon ta kalli ƙasa. Ɗaure notuna bi da bi kana kallon layin, sai ka ja alama da ƙusa a jikin fayif, don ranar da iska ta taɓa shi ka san inda za ka mayar.

Ta ƙarshe daga wata baiwar Allah a Gumel: su biyu ne a gidan, maigida ya raba waya ɗaya zuwa ɗakuna biyu, in abokiyar zamanta ta canza tasha sai nata ya ɗauke, har an fara kallon-kallo.

Hajiya, babu hannun kowa a ciki. LNB mai baki ɗaya umarni ɗaya yake bi a lokaci guda, risiba biyu kuwa kowacce tana tura masa nata, ɗaya ta rinjayi ɗaya. Maigida ya cire abin raba wayar, ya sayo LNB mai baki biyu, a ja wa kowane ɗaki wayarsa tun daga kan faifai. Dish ɗin ba sai an taɓa saitinsa ba, a dai lura da yadda tsohon yake a murɗe kafin a zare shi, a sa sabon haka.