Kwangilar Kai Kaya Tashoshin Binciken Antaktika: Ta Ina Ƙaramin Ɗan Kasuwa Zai Shiga?

Wani Alhaji da ke sana'ar kai kayan abinci da man dizal sansanonin ma'aikatan hanya ya aiko da tambaya. Ya ce ƙanensa da ke zaune a Amurka ya ba shi labarin cewa gwamnatin ƙasar tana ba da kwangilar biliyoyin daloli ga masu kai kaya da kula da gine-gine a tashoshin bincike na Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke can kudancin duniya, ya kuma nemi su haɗa jari su buɗe kamfani. Akwai kuma wani dillali da ya nemi a biya shi domin ya yi musu rajista, ya sa sunansu a jerin 'yan kwangila. Alhajin yana so ya san ko harkar tana da riba, da kuma ƙofar da ake bi a shiga.

Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Labarin da ƙanenka ya ba ka gaskiya ne, amma kwangilar da ya ji labarinta ba ta irinku ba ce, kuma gara in faɗa maka haka tun kafin ka taɓa jarinka. Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka, wato NSF, ita ce ke tafiyar da shirin ƙasar a Antaktika, inda take da tashoshi uku da ake zama a cikinsu shekara cur: Makmado, wadda ita ce babba, da Amundsen-Scott da ke daidai ƙuryar kudu ta duniya, da kuma Palma. Ba ta rarraba aikin ga ɗaruruwan kamfanoni, sai dai ta danƙa shi ga babban ɗan kwangila guda na tsawon shekaru. Kamfanin Raytheon ya riƙe aikin daga 2000 zuwa 2012, Lockheed Martin ya ci gasar a ƙarshen 2011 a kan kuɗin da ya kai kusan dala biliyan 2 na tsawon shekara 13, sannan Leidos ya gaji aikin a 2016. Wanda zai shiga irin wannan gasa sai ya nuna cewa ya taɓa ciyar da gari guda, ya ba shi wuta da ruwa da asibiti, a wurin da babu maƙwabcin da za a nemi agajinsa.

Kada yawan kuɗin ya ruɗe ka. Manyan kwangiloli irin wannan galibi ana tsara su ne ta yadda gwamnati za ta mayar wa kamfani abin da ya kashe, sannan ta ɗora masa ladan aiki wanda ya danganta da yadda ya yi ƙoƙari. Ke nan akasarin biliyoyin nan albashi ne da mai da kuɗin jigila da kayan gyara, waɗanda kawai suke ratsawa ta asusun kamfanin, kuma masu binciken kuɗi na gwamnati suna da ikon bin kowace takardar sayayya su ƙi amincewa da wadda ba ta cika ƙa'ida ba. Ƙaramin mai kawo kaya kuwa akan yanke masa farashi ne tun farko, don haka in kaya suka yi tsada bayan ya sa hannu, asarar tasa ce shi kaɗai.

Abin da ya fi dacewa ka fahimta shi ne yadda lokaci yake mulkin wannan harka, domin a nan ta bambanta da wadda ka saba. A sansanin ma'aikatan hanya, in motarka ta lalace yau, gobe ko jibi za ka kai kayan, a yi maka ɗan faɗa a wuce wurin. A Makmado kuwa, akasarin kayan shekara suna zuwa ne a zuwa ɗaya ta ruwa, wajen watan Janairu ko farkon Fabrairu, bayan jirgin fasa ƙanƙara na dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka mai suna Polar Star, wanda ya fara aiki tun 1976, ya buɗe hanya. Ana loda jirgin dakon kayan a tashar ruwa ta Port Hueneme da ke jihar Kalifoniya makonni da dama kafin nan. Wanda kayansa ba su isa wannan tasha a ranar da aka yanke ba, ko suka isa aka duba aka mayar da su, to ko dai a ɗauke su ta sama daga birnin Kiraiscoci na ƙasar Niyu Zilan, tafiyar kusan kilomita 3,800 da kuɗinta ya ninka na ruwa sau da yawa, ko kuma su jira baɗi. Tashar ƙuryar kudu ma ta fi haka tsanani, domin tun daga tsakiyar Fabrairu har zuwa ƙarshen Oktoba jiragen sama ba sa zirga-zirgar da aka saba, mutum arba'in da 'yan kai da ke kwana hunturu a can da abin da aka riga aka tara suke rayuwa. Mai yawa daga man da suke ƙonawa ana jan sa ne da taraktoci a kan ƙanƙara daga Makmado, tafiyar kimanin kilomita 1,600. Mai sayen kaya da yake aiki cikin irin wannan matsi ba arha yake nema da farko ba, wanda bai taɓa saɓa alkawari ba shi yake nema, kuma sabon kamfani ba shi da wannan shaida komai kyawun niyyarsa.

Su kansu kayan suna da sharuɗɗan da ba ka saba gani ba. Dizal ɗin da kake sayarwa zai yi kauri ya toshe matatar inji a wannan sanyi, shi ya sa ake amfani da mai na musamman dangin man jirgin sama, wanda hukumomin sojan Amurka ne ke shirya sayensa da jigilarsa a jirgin dakon mai, don haka ka cire wannan ɓangare daga lissafinka gaba ɗaya. Yarjejeniyar Madrid ta kare muhallin Antaktika, wadda aka sa wa hannu a 1991 ta fara aiki a 1998, ta hana shigar da ƙasar da ba a kashe ƙwayoyin cikinta ba, da 'yan ƙwallayen soso da ake cusawa cikin kwali don kada kaya su fashe, har karnukan jan kaya ma an kwashe su daga nahiyar zuwa 1994. Saboda haka kwali guda da aka cika da abin da aka hana ya isa ya sa a dakatar da kayanka. Shara kuma ba a barin ta a can, ana tantance ta kashi-kashi a loda ta a jirgin da ya kawo kaya ya koma da ita, kuma wannan ma aiki ne da ake ba ƙaramin kamfani.

Ga ɗan lissafi na misali kawai. A ce an ba ku odar kayan gwangwani na dala 100,000, kuka ɗora ribar kashi 10 cikin ɗari. In jarin bashi ne da ke cin kashi 2 cikin ɗari a kowane wata, kuma tsakanin sayen kaya da tattara su da kai su da fitowar kuɗi aka ɗauki wata biyar, to ribar ta tafi ke nan kafin a yi maganar inshora da kuɗin ajiya. Ko da ta hanyar murabaha, wato banki ya sayo kayan ya sayar maka da riba, ka samo kuɗin don guje wa kuɗin ruwa, lokacin nan sai an biya shi. Ga kuma canjin naira zuwa dala, wanda shi kaɗai ya isa ya cinye ribar mai jari a gida.

Batun dillali gajere ne: kada ka ba shi ko sisi. Rajistar masu neman kwangilar gwamnatin tarayyar Amurka ana yin ta ne a shafin SAM.gov, kuma kyauta ce. Kamfanin da ke wajen Amurka sai ya fara samun lambar shaidar kamfani da ake kira NCAGE, ita ma ba a saye take ba. Rajistar kuma ba ta ba kowa aiki, izinin shiga gasa ne kawai, kuma babu wani jerin sunaye na ɓoye da wani zai sa ku a ciki.

Ƙofar da ta rage ita ce ta zama ƙaramin ɗan kwangila ko mai kawo kaya a ƙarƙashin babban kamfani. Dokar Amurka ta wajabta wa manyan 'yan kwangila su gabatar da tsarin ba ƙananan kamfanoni kaso, kuma ta wannan hanya ayyuka kamar girki da shara suka shiga hannun wasu. Sai dai gatan na kamfanonin da ke da mazauni a Amurka ne, kuma akwai dokar 1933 da ke fifita kayan da aka ƙera a ƙasar wajen sayayyar gwamnati. Wannan yana nufin cewa kamfanin zai kasance a hannun ƙanenka, kai kuma mai zuba jari ne daga nesa, don haka sai a rubuta komai a gaban lauya, har da kason kowa da wanda ke sa hannu a asusu da yadda za a rabu in ta kama, domin zumunci ya fi lalacewa inda aka bar lissafi a baki. In ma shi ƙanen naka aikin yi yake sha'awa a can, ana ɗaukar masu girki da makanikai da masu gyaran wuta, amma sai an ci gwajin lafiya mai tsauri har da na haƙori.

A ganina ku fara da ƙananan odoji na gwamnatin jiha ko sansanonin da ke kusa da ƙanen naka, ku tara shaidar aiki ta shekara biyu ko uku, sannan ku nemi sashen ƙananan kamfanoni na duk wanda ke riƙe da babbar kwangilar a lokacin, tunda takan sake fitowa gasa. In kuma kana son wuri mafi kusa, ka duba Afirka ta Kudu, wadda tana cikin ƙasashe 12 da suka sa hannu a Yarjejeniyar Antaktika a 1959. Tana da tashar SANAE IV a Antaktika da jirgin ruwa S.A. Agulhas II, kuma wasu ƙasashe ma daga birnin Kef Tawun suke tashi. A can ma sai kana da kamfani mai rajista a ƙasar ko abokin hulɗa amintacce, don haka kafin ka sayi tikitin jirgi ka nemi takardun wata gasa da aka riga aka kammala, ka karanta sharuɗɗanta, ka ga nawa daga ciki kamfaninka zai iya cikawa a yau.