Wi-Fi ya ɓace bayan an sa sabon Windows

Malam, ka ce ka sa Windows 10 a kwamfutarka ta HP da ka saya na hannu a Gusau, sai alamar Wi-Fi ta ɓace gaba ɗaya. Kwamfutarka lafiya lau take, direban katin Wi-Fi ne bai hau ba, wato manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da katin da ke kama Wi-Fi a cikin kwamfutar. Ka haɗa wayarka ta Android da ita da kebul ɗin caji, ka kunna USB tethering a wayar (saitin da ke ba kwamfuta intanet ɗin waya ta kebul), nan take za ta samu intanet. Daga nan ka shiga Windows Update, ka duba Optional updates, galibi direban yana can. Ka fara tanadar data, domin Windows zai fara sauke wasu abubuwan da ba ka nema ba.

In hakan bai yi ba, kada ka nemi direba da sunan kwamfutar. Irin waɗannan na hannu, sau da yawa masu gyara sun riga sun canza katin ciki, sai ka ga direban HP ya ƙi aiki. Ka buɗe Device Manager (wurin da Windows ke jera kayan cikin kwamfuta), ka danna Network Controller mai alamar rawaya, ka duba Hardware Ids, wato lambar da ke nuna wane kati ne. In ka ga VEN_8086 to Intel ne, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom, 168C kuma Atheros. Da cikakkiyar lambar Hardware Ids ɗin za ka nemi direban, a shafin kamfanin da ya ƙera katin. Manhajojin nan masu alkawarin sauke maka duk direbobi lokaci ɗaya kuwa, ni ban ba ka shawarar su ba, tarkace suke cusa wa kwamfuta.