Ku Tambayi Mai Hoto: Legas ta fi ƙarfin wayata ne?

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk na 'yan Ikko ne da masu shirin zuwa can, sai na ce bari kawai mu ba Legas filin gaba ɗaya, masu tambayar hoton biki da na fasfo ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni yaron shago ne a Agege, shekarata huɗu a nan. Ina son ɗaukar hoto sosai amma duk wanda na ɗauka da wayata sai ya fito fari fat kamar an watsa masa koko, na Instagram kuwa kamar ba Legas ɗin da muke ciki ba. Ranar Lahadi har Lekki na je saboda gadar nan mai igiyoyi amma duk ɗaya. In tara kuɗi in sayi kyamara ne ko yaya?

AMSA: Wa alaikassalam ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna. Abu na farko, kuma kar ka yi dariya, goge idon kyamarar wayar. Wayar da ta wuni a aljihu cikin zufar Legas ga maiƙon hannu, ai dole hoto ya fito kamar ta bayan labule. Gefen riga mai laushi ya isa. Sannan ka daina jawo hoto da yatsu biyu, yawancin wayoyinmu ba jawowa suke ba, yanko tsakiyar hoton suke su buɗa shi shi ya sa yake dagargajewa, in abu ya yi maka nisa taka ka je wajensa.

Sai maganar lokaci. Na tabbata da rana tsaka ka isa Lekki, don daga Agege ko Lahadi ce sai ka ci hanya. To daga hantsi zuwa la'asar rana a tsakiyar ka take, iskar garin kuma cike da danshin teku, sama ba ta yin shuɗin nan irin na Kano bayan an ɗauke ruwa, fari take yi kamar madara, wayar ta rikice ta ƙona rabin hoton. Waɗanda hotunansu ke burge ka da asuba suke fita. A Legas rana tana fitowa tsakanin shida da rabi zuwa bakwai kusan duk shekara, ta faɗi wajen wannan lokacin da yamma, kuma hasken nan mai launin zuma ba ya jira, kafin ka shanye shayinka ya wuce. In zaka ɗauka ka taɓa allon wayar, ɗan alamar rana zai fito, ja shi ƙasa kaɗan har sama ta daina ƙuna. Da damina kuwa da zarar ruwa ya tsagaita fito, kwalta ta yi baƙi wuluk, danfo mai ruwan ɗorawa ya zo wucewa kaga hotonsa a cikin ruwan da ya kwanta, wannan ko wayar da ta sha faɗuwa sai ta ɗauko shi da kyau.

Amma ni abin da ya tsaya min a saƙonka shi ne ka bar Agege ka tafi Lekki. Haba ƙanena! Gadar Lekki-Ikoyi tun da aka buɗe ta a 2013 babu gefen da ba a ɗauka ba, ko ka ɗauka da kyau na dubu nawa zaka zama? Agege fa, inda goro da layin dogo suka kafa mana zango, jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano tun 1912 kakanninmu suna sauka suna loda huhun goro, wa yake ɗaukar ta? Ga gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021, ga sabon jirgin Red Line da ya fara jigila a 2024 yana wucewa ta gefen masu talla, ga dattijai masu yayyafa wa goro ruwa suna jera shi a ganye, ga mahautan Oko-Oba da sassafe, ga mai shayin layinku ya ɗaga kofi sama yana sheƙawa tururi na tashi. In ka samu hali ka leƙa kasuwar Mile 12 da asubar fari lokacin da ake sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa daga tireloli, fitilar mota tana haska masu dako, wallahi ni dai ban ga wuri a Legas da ya fi nan launi ba. Baƙo ya zo da kyamara mai tsada, yana ɗaga ta kowa zai tsuke fuska ko a juya masa ƙeya, kai kuwa sun san ka sun san maigidanka, har cewa za su yi ɗauke ni da kyau ka turo min.

Akwai wani dattijo mai hoto a Legas, J.D. Okhai Ojeikere, ya rasu a 2014. Tun 1968 ya duƙufa ɗaukar kitson mata, kusan hoto dubu, baƙi da fari, da yawansu ma ta ƙeya ya ɗauka ko fuska babu. Yau manyan gidajen adana zane na Turai da Amurka suna ajiye da su. Kitso fa, wanda kowa yake wucewa ta gabansa kullum.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. A Idumota na ɗaga waya zan ɗauki cunkoson danfo, kafin in ankara wasu samari sun zagaye ni suna ta "owo da", wato ina kuɗi da Yarbanci, sai da na ba su kuɗi kafin suka bar ni da wayata. Shin laifi ne ɗaukar hoto a titi? Daga wani ɗalibi a Idi-Araba.

AMSA: Allah ya tsare gaba ɗan'uwa, kuma ka yi dabara da ka bayar ka tafi da wayarka, duk wanda ya yi wannan sana'a a Legas ya taɓa biyan irin wannan harajin, ni ma na biya ba sau ɗaya ba. Ɗaukar titi da motoci ba laifi ba ne, amma yaran tasha ba dokar littafi suke bi ba, a wajensu duk wanda ya ɗaga waya ya tsaya ƙiƙam kuɗi zai je ya yi da hoton, to a ba su nasu.

Yadda nake yi, ba na fito da komai sai na samu wurin zama. In sami mai shago ko mai sayar da lemo in gaishe shi, in Bayerabe ne dattijo in ɗan rusuna in ce "e kaaro sa", wato ina kwana, in sayi ruwa ko biskit, mu ɗan taɓa hira, sannan in ce Baba ina son ɗaukar titin nan daga ƙofar shagonka. In ya yarda shi ke nan ka zama baƙonsa, yaran ma sai su bi ta gefe. Mafi kyau ma ka roƙi mai shagon sama ya bar ka ka tsaya a baranda, daga can ne zaka ga Idumota da Balogun yadda suke, laimomi kala-kala da kawunan mutane da rufin danfo ba masaka tsinke, ga hasumiyoyi huɗu na babban masallacin Legas sun tsaya a kai.

Idan kuma gine-gine kake so, ranar Lahadi da safe ka shiga Island, wato tsibirin Legas, kasuwa a rufe, titi fayau. Masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins tun 1894 yake, ginin salon waɗanda suka dawo daga Burazil, sai Water House a titin Kakawa, sai Freedom Park da ke Broad Street wanda a da kurkukun Turawa ne. Irin waɗannan tsofaffin gidajen ƙarewa suke, Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu an rushe shi a 2016 duk da yana cikin gine-ginen tarihi da gwamnati ta ce a kare, yanzu sai dai a hoto.

Wuraren da ko kusa kar ka gwada: barikin soja irin Dodan Barracks da Bonny Camp, tashar jiragen ruwa ta Apapa, filin jirgin sama, shingen 'yan sanda, ƙofar banki. Can ba kuɗin shayi za a tambaye ka ba.

TAMBAYA: Malam zan zo Legas daga Kano wajen gwaggona, ban taɓa ganin teku ba. Burina in ɗauki rana tana nutsewa cikin ruwa. An ce min Bar Beach zan je.

AMSA: Hajiya wanda ya ce miki Bar Beach ya daɗe bai zo ba, an cike wurin da yashi an kafa Eko Atlantic a kai. Ki nemi Tarkwa Bay, da ƙaramin jirgin ruwa ake zuwa, ki tabbata an ba ki rigar nan mai hana nutsewa kafin ki zauna, ko kuma bakin ruwan gefen Lekki da ake biyan kuɗin shiga. Sai dai ga abin da ba a faɗa: gaɓar Legas kudu take kallo, in kin fuskanci teku rana ta hannun damanki take faɗuwa, ba gabanki ba. Tsakiyar shekara ma ta kan tudu take sauka. Sai wajen Nuwamba zuwa Janairu take karkatowa ta kan ruwa, lokacin kuma hazon hunturu ya sauko, sai ki ga ta zama jan faifai ta ɓace tun ba ta taɓa ruwan ba. Ni kam na fi son haka ma, ki jira wani ya zo wucewa a kan doki ko masunta na jan koma, ki sa su tsakaninki da ita. Kar ki shiga ruwan da sunan hoto, igiyar tekun Legas tana jan mutum ta ƙasa.

TAMBAYA: Kullum in muna wucewa ta Third Mainland ina hango Makoko, gidaje a kan ruwa hayaƙi na tashi. Zan iya tsayawa a gadar in ɗauka? Ko in ari duron ɗin abokina, ƙaramin jirgin nan mara matuƙi mai kyamara?

AMSA: Duka biyun a'a. Gadar kilomita 11.8 ce, tun 1990 da aka buɗe ta ba a yi ta don tsayawa ba, mota zata kwashe ka ko hukuma ta kwashe ka. Zauna gefen taga a danfo, riƙe wayar da hannu biyu daga ciki, gosulo da kansa zai ba ka lokaci. Duron kuma tun 2016 sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. In shiga kake son yi, sai da ɗan unguwa da kwalekwale da yardar masu unguwa, mutanen nan yawanci masunta ne, an rushe musu gidaje a 2012, kuma sun gaji da baƙi masu zuwa ɗaukar talaucinsu su tafi. Hayaƙin da kake hangowa mata ne ke bandar kifi, in ka je ka fara sayen kifin.

TAMBAYA: Malam na sayi kyamara ta hannu, wata shida kawai sai naga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashin, na goge ya ƙi fita. Ina zaune a Apapa.

AMSA: Funfuna ce ɗan'uwa, irin wadda ke fitowa a burodi, danshi da duhu take so kuma jakar kyamara a ɗakin Apapa da damina aljannarta ce. Daga ciki take shi ya sa gogewa ba ta yi, in ta daɗe ma cin gilashin take ta bar tabo har abada. Kai ta wajen mai gyaran kyamara da wuri, ba mai gyaran waya ba. Daga nan ka samu roba mai murfi da ke rufuwa gam, ka tara ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi ka zuba ciki, nan ne ɗakin kwananta ba jaka ba, ka riƙa shanya ƙunshin a rana ko ka canza su. Duk ranar da ka je bakin teku ka goge jikinta da tsumma mai ɗan laima sannan busasshe, iskar gishiri tsatsa take sawa. Kuma don Allah kar ka kwance gilashin da kanka. Ni na gwada wata shekara a kan tiren abinci, na mayar da komai tsaf, sai ga sukurori uku sun rage a tiren suna kallona.