Cinawuyar kurmi ce ka gani ko ta fili?

Kana tambayar wace cinawuya ce, tsuntsuwar nan mai dogon baki da aka sani da kamun kifi, ka gani a cikin kurmi, mai baki ja a sama baƙi a ƙasa, kuma babu ruwa kusa. Alama ta fi nuna mai shuɗin ƙirji ce, wato ta kurmi, wadda a kimiyyance ake kira Halcyon malimbica. Launin bakin nan ba zai raba maka gardama ba, domin 'yar'uwarta ta fili, Halcyon senegalensis, irinsa gare ta. Ƙirji za ka duba: na ta kurmi shuɗi ne, na ta fili fari-fari mai ruwan toka. Ta kurmi ta ɗan fi girma, kusan santimita 25, ƙafafunta ja, baƙin layin idonta kuma ya zarce bayan ido sosai.

Sai dai ka yi hattara da inuwa. A ƙarƙashin ganye mai duhu, shuɗin ƙirjin kan koma kamar toka ko da a madubin hangen nesa, nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ka jira ta juyo wajen haske, ko ka kasa kunne: ta kurmi fito take yi a hankali yana sauka, ta fili kuwa ƙara ɗaya sai karkarwar murya mai sauri. Rashin ruwa kada ya dame ka, ƙwari ne yawancin abincin ta kurmi.