Kar ka karyar da albasarka saboda saƙon murya

Malam, tambayarka ita ce: saƙon murya na yawo a WhatsApp cewa wata annoba ta ɓulla, za a rufe hanyoyi, shin ka sayar da albasar da ka ajiye tun farashi bai faɗi ba? Amsa: a'a, ba a kan saƙon da babu sunan mai magana, babu rana, babu garin da abin ya faru ba. Ka fara kiran layin kyauta na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, 6232, ka saurari labaran Rima Radiyo, sannan ka tambayi jami'in lafiya na asibitin unguwarku. In da gaske ne, jami'an lafiya ke fara ganin marasa lafiya. Irin waɗannan saƙonni sau da yawa tsofaffi ne aka sake turowa.

Sharaɗi ɗaya: ko labarin ya tabbata, abin tsoron ba rufe kasuwa ba ne, jinkirin hanya ne. A 2020, lokacin korona, an hana zirga-zirga tsakanin jihohi amma an bar motocin abinci su wuce. Inda aka yi asara shi ne shingaye: mota ta kwana biyu a tsaye, albasa ta yi gumi cikin buhu, ta ƙasa ta ruɓe ta shafi sauran, ga kuɗin mota ya hau. Don haka ka tsince mai rauni da mai ɗanyen wuya ka sayar nan Sakkwato, busasshiyar ka bar ta a rumbu mai iska. Kuɗin abinci da maganin iyali na wata guda kuwa, ka ware shi daban, kar ya shiga jari.