Amsa ga yaron shagona kan bushewar gaba bayan ɗaukewar al'ada

Ka tambaye ni abin da ya kamata ka miƙa wa dattijuwar da ta zo shago jiya bayan la'asar, wadda ta ce jinin al'ada ya daɗe da ɗauke mata, kuma tun daga lokacin take fama da bushewa da raɗaɗi a gabanta, har kwanciya da maigidanta ta zame mata azaba. Ka ce ka so ka ba ta maganin sanyi na matsawa, sai ka fasa, ka ce ta dawo idan ina nan. Fasawar da ka yi ita ce ta sa nake amsa maka, domin yawancin yaran kemis na yanzu, da zarar mace ta ambaci gabanta, hannunsu ya kai kan maganin sanyi tun ba ta rufe baki ba.

Abin da ke damun Hajiyar nan ba sanyi ba ne. Mace takan daina al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ana tabbatar da hakan ne idan ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba. Daga nan sinadarin istirojin yakan ragu ƙwarai a jikinta, shi ne kuwa yake riƙe da kauri da laushi da ni'imar fatar cikin farji. Idan ya ja baya, fatar sai ta yi siriri, ta bushe, ta riƙa tsagewa da ɗan guga kaɗan, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke gadin wurin su ragu, shi ya sa za ka ji tana kukan zafin fitsari da yawan komawa banɗaki. Zufar dare da jin zafin jiki sukan lafa da kansu bayan wasu shekaru, amma bushewar nan ba ta tafiya don an ƙyale ta, sai ma ƙaruwa. Wanda ya ɗora wa irin wannan mace ƙwayoyin kashe cuta mako bayan mako ya ci kuɗinta, ya kuma ƙara mata wahala.

Tambayarka ta tuno mini da wata dillaliya da har yau ban huce a kanta ba. A shekarun da na fara tsayawa da ƙafafuna, bayan na bar hannun maigidana a kasuwar Sabon Gari, matar nan ta riƙa zuwa tana sayen man santsi na K-Y Jelly guda biyu, guda uku, tana biya nan take. Ta ce tana shiga gidajen matan kulle, akwai manyan mata da yawa da ke jin kunyar zuwa kemis, ita take kai musu. Maganar ta shige ni, domin na san gaskiya ce, mace mai jikoki ba za ta tsaya gaban saurayi sa'an ɗanta ta faɗi irin wannan lalura ba. Da tafiya ta yi tafiya sai ta nemi katan a kan bashi, ta kawo mijin ƙanwarta ya tsaya mata, ta biya na farko, ta biya na biyu, a na uku ta ninka abin da take ɗauka har ta haɗa da wasu kayan.

Ashe matse man take yi a cikin roba, ta daka alif da bagaruwa ta zuba, ta ɗiga miski don ƙamshi, ta ɗura a ƙananan kwalaben turare, tana sayarwa a matsayin matsi mai mayar da tsohuwa yarinya. Duk gidan da ta shiga kuma sai ta ce haɗin daga shagona ya fito, ni na haɗa da hannuna. Alif da bagaruwa aikinsu tsotse ruwa da ɗaure fata, to ka duba abin da za su yi wa wurin da dama can ya bushe ya yi siriri. Wata baiwar Allah ta yi amfani da shi har gabanta ya saluɓe, aka kwantar da ita a asibiti. Ɗanta ya zo ya dire kwalbar a kan kantana, ga ruwa-ruwa launin ƙasa da guntun alif kwance a gindinta, an yagi ledar shagona an ɗaure bakin da ita, yana ɗaga murya mutanen layi suna taruwa. Jami'an duba magunguna suka zo suka rufe shagon har sai da aka gama bincike, kuma ko da aka wanke ni, matan unguwa sun riga sun koma wani kemis, wasu ba su dawo ba har yau. Dillaliyar ta bar gari da kuɗin da a lokacin za su saya mini babur sabo fil, wanda ya tsaya mata kuma ya rantse da Alƙur'ani cewa rakiya kawai ya yi. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne, a ce ni da na yi shekaru ina hana mata cusa alif, sunana ne aka sayar da shi.

Daga ranar na kafa doka, kuma ta hau kanka: ba a ba mai sake sayarwa irin wannan kaya bashi, ba a kuma buɗe kwali a raba. Duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC kuwa ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da goro.

Kayan da ke hannunmu iri biyu ne, kuma yara suna cakuɗa su. Akwai man santsi da aka yi da ruwa, wanda ake shafawa lokacin saduwa kawai, amfaninsa na wannan sa'ar ne. Akwai kuma mai riƙe danshi, irin su Replens, wanda ake sakawa duk bayan kwana biyu ko uku ko da miji ba ya gari, shi ne ke rage raɗaɗin zama da tafiya, sai dai yana da tsada kuma ba kullum ake samunsa ba. Ka kauce wa masu ƙamshi da masu ɗumama wuri, waɗanda 'yan zamani ke rububi, domin fatar dattijuwa ba ta ɗaukar su. Basilin ba na cikin farji ba ne, kuma duk wani abu mai maiƙo yana lalata kwaroron roba. Ka gaya mata ta yi tsarki da ruwa zalla daga waje, ta daina zuba Dettol a ruwan tsarki, ta daina tura sabulu ko yatsa ciki da sunan tsafta, ta rage turaren tsuguno, ta sa kamfai na auduga. Ka tambaye ta ko tana da ciwon suga, domin shi kan jawo ƙaiƙayi na gaske, ka kuma tambaya ko tana yawan shan Piriton, domin irin waɗannan magungunan mura suna ƙara busar da jiki.

Maganin da ke gyara fatar kanta shi ne man istirojin na sakawa a ciki, kamar Ovestin ko Premarin, wanda akan fara da shi kullum na 'yan makonni, sannan a koma sau biyu a mako. Yana aiki sosai, na ga matan da suka dawo suna sa albarka, amma ba hurumin mai kemis ba ne ya fara ɗora mace a kansa. Sai likita ya duba ta ya rubuta, musamman wadda ta taɓa yin cutar daji ta mama. Idan kuwa ta ce ta ga jini bayan al'ada ta ɗauke, ko ɗigo ɗaya ne a kamfai, ko bayan saduwa, kada ka sayar mata da komai. Mai yiwuwa tsagewar fata ce kawai, mai yiwuwa kuma alamar cutar daji ce ta mahaifa ko ta bakin mahaifa, kuma kai ba ka da idon da zai bambance su. Ka ce ta tafi wurin likitan mata a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a cikin makon, ka maimaita mata har sai ka ga ta ɗauki maganar da nauyinta.

Sauran abin da ya rage shi ne ladabi, wanda ya yi ƙaranci a wurin tsararrakinka. Na sha ganin yaro yana latsa waya da hannu ɗaya, yana tambayar sa'ar mahaifiyarsa abin da ke damunta da ƙarfi a gaban masu sayen Panadol, sannan ya je ya kwaso abin da masu tallar kayan mata ke faɗa a TikTok ya maimaita mata kamar karatu. Idan Hajiyar ta dawo, ka ajiye wayar, ka gaishe ta da kyau, ka jira shago ya yi sarari, ka sassauta murya, ka ce mata, "Baba, wannan abu ne da ke samun mata da yawa a shekarunki, kuma yana da magani." Idan ka ga nauyin bakin ya yi mata yawa, ka ce ta turo 'yarta ko ta zo da safe lokacin da matata take zama a shago. Tambayar jinin ita ce ta farko, kafin ka taɓa kowane kwali, kuma duk amsar da ta ba ka, ka kira ni kafin ta tafi.