Ta ina sabon mai digiri zai shiga aikin bankin zuba jari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama digiri a fannin tattalin arziki da sakamakon 2:1, ina jiran a tura ni bautar ƙasa. Burina aikin bankin zuba jari, amma wasu sun ce sai mai uwa a gindin murhu. Ta ina zan fara? Daga wani matashi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Da fari ka raba shi da bankin da ake bin layi a kai ajiya ko a ciri kuɗi. Shi bankin zuba jari aikinsa tara wa kamfani ko gwamnati jari ta hanyar sayar da hannun jari ko takardun bashi, da ba da shawara idan wani kamfani zai sayi wani ko za su haɗe. Sukuk ɗin (takardun tara kuɗi bisa tsarin Musulunci, marasa kuɗin ruwa) naira biliyan 100 da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 don gyaran hanyoyi, irin waɗannan gidajen ne suka tsara shi. Haka da Babban Banki ya umarci manyan bankuna a 2024 su kai jarinsu naira biliyan 500, su ne suka yi ta shirya takardun neman kuɗin. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ce ke yi musu rajista, kuma kusan dukkansu a Legas suke: Stanbic IBTC Capital, Chapel Hill Denham, Afrinvest, United Capital da ire-irensu. Don haka ka sa a ranka za ka bar gida.

Hanya tana taimakawa, ba na musu, amma iyakarta ta sa a duba takardarka. Yawancin gidajen suna neman 2:1, wasu har da iyakar shekaru, sai jarrabawar lissafi da fahimtar rubutu ta kwamfuta mai ƙayyadadden lokaci. Masu faɗuwa a nan ba rashin ilimi ke kayar da su ba, agogo ne. Ka riƙa gwaji da agogo a gabanka, tambaya ɗaya cikin minti ɗaya.

Abin da zai bambanta ka da sauran shi ne iya Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta. Sauko da rahoton shekara na kamfani ɗaya da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, a ce Dangote Cement. Shigar da alƙaluman shekaru biyar da hannunka: bayanin riba da asara, bayanin kadara da bashi, da bayanin shige da ficen kuɗi. Sannan ka yi hasashen shekaru biyar masu zuwa, ka ɗaura ukun da juna ta yadda in ka taɓa farashin buhun siminti komai zai motsa. A karon farko ɓangaren kadara ba zai yi daidai da na bashi da jari ba. Kada ka cusa lamba don ya daidaita. Galibi ko ka manta ka mayar da kuɗin tsufan injina (darajar da ake rage wa injina a lissafi kowace shekara) cikin tsabar kuɗi, ko ka juya alamar ƙari ko ragi ta bashin da kamfani ke bin dillalai. Wani kuskuren kuma shi ne auna darajar kuɗin shiga na naira da ma'aunin ribar dala. Darajar kamfanin za ta kumbura, domin ka yi watsi da hauhawar farashi da faɗuwar naira.

A zauren ganawa ka tsammaci wannan: idan kuɗin tsufan injina ya ƙaru da naira 100, haraji kuma kashi 30, me zai faru? Riba ta ragu da 70, tsabar kuɗi ta ƙaru da 30 saboda harajin da ba a biya ba, injina su ragu da 100, jimillar kadara ta ragu da 70, jari ma haka. Ka iya faɗin wannan ba tare da in-ina ba.

Batun CFA, jarrabawar ƙwarewa ta masu nazarin zuba jari, matakai uku ne kuma da dala ake biya, don haka kada ka ci bashi dominsa yanzu. Matakin farko ko ICAN (jarrabawar ƙwararrun akantoci ta Najeriya) yana ƙawata takarda, amma mai ɗaukar aiki ya fi son ganin lissafin da ka gina. Ka yi ƙoƙari shekarar bautar ƙasarka ta kasance a gidan hada-hadar hannun jari ko kamfanin binciken kuɗi; daga nan ake yawan riƙe mutane.

Shekaru biyun farko kuwa gyaran alƙaluma ne da shafukan PowerPoint, wani lokaci har tsakar dare idan ciniki ya kusa rufewa. Kuma takardun bashi na gargajiya da kuɗin ruwa suke tafiya. In wannan ya tsaya maka a rai, ka tambayi malamanka, ka kuma karkata ga sukuk da kuɗin Musulunci, inda gidaje irin su Lotus Capital suke aiki. Wanda ya san ijara (ba da haya) da murabaha (sayarwa da ribar da aka bayyana), ya kuma iya Excel, bai cika yawa a Legas ba, saboda haka ka rubuta su a shafin farko na takardar neman aikinka.